Lakwaja: Abin da Ake Nuna wa Baƙo da Abin da Ake Tsallakewa

A inda Kwara ta gamu da Binuwai, a gindin dutsen Patti, nan garin Lakwaja yake zaune. Tun 1991 shi ne babban birnin jihar Kogi ta Nijeriya, amma a farkon ƙarni na ashirin ɗan ƙaramin gari ne na masunta da ƴan kwale-kwale da fatake. Rubuce-rubucen yawon buɗe ido da ake yi a kansa kusan duk hanya ɗaya suke bi da mai karatu: a hau da shi kan dutse, a nuna masa masaukin Lugga, a ce ya dubi ruwa biyu masu launi dabam suna haɗuwa, sannan a sauko. Wannan tsari shi muke son mu auna.

Ba a musun kyaun wurin, ba a kuma musun tarihin da ake bayarwa. A Lakwaja ne aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger. Aibin waɗannan rubuce-rubuce yana wurin da suke tsayar da baƙo. Wanda ya tsaya a ƙofar masaukin Gwamna, da idon Gwamna zai ga ƙasa: koguna hanyoyin jiragen ruwa, gari kuwa ɗan ɗigo a ƙasa. Har sukan ƙara da labarin cewa daga kan dutsen nan Flora Shaw ta raɗa wa Nijeriya suna, alhali abin da ya tabbata shi ne sunan ya fito a rubutunta cikin jaridar The Times ta Landan a 1897.

Da za a sauko cikin gari, da an tarar da wani tarihi. Lakwaja ce kurkukun da ba ta da katanga, inda Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau. Can Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙin Hausa, ya ƙare kwanakinsa. Can kuma Sarkin Kano Alu Babba ya rasu a 1926, shekara 23 bayan faɗuwar Kano. Kaburburansu suna nan, amma da wuya su samu fiye da layi biyu a takardar da ta ba masaukin Lugga shafi guda.

Mai karatu na Damagaram zai ce ina ruwansa da garin da ke da nisa haka. Ruwansa babba ne. Alu Babba shi ne wanda Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai wa yaƙi a ƙarshen ƙarni na sha tara. Kuran Daga ya faɗi a hannun Faransawa a 1899, abokin gabarsa kuwa ya faɗa hannun Ingilishi a 1903. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, gadon sarautar Damagaram ya zauna babu sarki har 1923. Turawan biyu sun bambanta a harshe, dabararsu kuwa ɗaya ce: a raba sarki da jama'arsa, a bar nisa ta yi aikin da takobi ba zai yi ba. André Salifou ya yi wa tarihin Damagaram hidima tun 1971, amma ɗalibanmu suna karanta shi kamar ya tsaya a bakin iyaka.

Saboda haka tambayar da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu ita ce: idan muka kai yara ziyara, daga ina za mu fara? Tambayar ta shafi Zinder ma, inda baƙo kan ɗauki hoton barikin Faransawa da ke kan duwatsu kafin ya ji sunan Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni. Wanda zai rubuta labarin ziyarar Lakwaja da Hausa, ya kamata ya fara da kaburburan sarakuna, ya ji ta bakin Nufawa da Hausawan da suka daɗe a garin, kafin ya hau Patti. In ya hau daga baya, zai san wane ne ya zauna a sama da kuma wane ne aka ajiye a ƙasa.