Farfaɗiya da Maganin Gargajiyar Sin: Ina Hujjar Take?

Idan ka taɓa cin karo da tallar maganin farfaɗiya na gargajiyar ƙasar Sin, a Facebook ko a bakin masu yawo da ƙwayoyi a jaka, to ka san hujja biyu ake kawo maka. Ta farko, Sinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna shan sa. Ta biyu, ai maganin zazzaɓin cizon sauron da kake sha ma daga ganyen Sin aka samo shi. Duka biyun gaskiya ne. Tambayar ita ce, sun isa su sa mai farfaɗiya ya ajiye ƙwayar asibiti? Ni dai a karatuna ba su isa ba, kuma ga dalili.

Farfaɗiya a ƙwaƙwalwa take. Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo ne da ƴar wutar lantarki, kowacce a kan lokacinta. Idan tarinsu suka saki wutar gaba ɗaya, sai mutum ya faɗi ya sandare yana jijjiga, ko ya ɗauke na ƴan daƙiƙoƙi yana kallon wuri guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace.

Su likitocin gargajiyar Sin da "iska" da "majina" suke bayyana ciwon. Kada ka ɗauka iskar aljanu ake nufi, wata iska ce da suke ganin tana tasowa cikin jiki ta kwashi majina ta toshe hanyoyin hankali. Shahararren haɗinsu shi ne Dingxian Wan, wanda ke cikin littafin da likita Cheng Guopeng ya fitar a 1732. A cikinsa akwai saiwar wani tsiro da suke kira tianma, da busasshiyar kunama, da tsutsar siliki, da wani jan dutse mai ɗauke da zaiba. E, zaiba, wadda mun san guba ce ga jijiyoyi da ƙoda.

Sai dai kuskuren bayani ba ya hana magani aiki, don haka a yi musu adalci. An ciro sinadarin gastirodin daga tianma, an gwada shi da wasu irinsa a jikin ɓeraye, an ga sun rage jijjiga. Wannan ya isa a ci gaba da bincike. Amma ka san yadda ake gwajin? Lafiyayyen ɓera ake ɗauka a ba shi sinadarin, sannan a tayar masa da jijjiga da allura ko da wutar lantarki. Wannan daban yake da yaron da ya shekara biyar yana faɗuwa. Sinadarai da yawa sun yi aiki a ɓera, da aka zo kan mutane sai shiru.

To me aka samu a jikin mutane? A 2009 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen magunguna, ta wallafa nazari a kan wannan batu, kuma Sinawa ne suka yi shi. Gwaji biyar kacal suka samu da suka cika sharuɗɗa, masu ɗauke da mutum 1,125, inda aka kwatanta haɗe-haɗen gargajiya da ƙwayoyin asibiti irin su fenitoyin da fenobabiton. Dukkansu na gajeren lokaci ne, kuma tsarinsu mai rauni ne. Hukuncin masu nazarin shi ne hujjar ba ta kai a ce a yi amfani da su ba.

Za ka iya cewa wannan tsanani ne irin na ƴan boko, tunda ga mutane sun ce sun samu sauƙi. A nan ne farfaɗiya ke yaudarar mai kallo. Ciwo ne mai zuwa ya tafi. Wani ya faɗi sau uku a mako guda, sannan ya yi wata huɗu lafiya lau. Yaushe iyali ke fita neman sabon magani? A wannan mummunan makon mana. Duk abin da aka ba shi a lokacin, ko ruwan randa ne, shi za a yaba wa in sauƙin ya zo. Ga kuma wasu nau'o'in farfaɗiyar yara da ke tafiya da kansu in yaro ya girma. Shi ya sa gwajin ƙwarai yake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yake ɓoye wa likita da majinyaci wa ke shan me, yake kuma bibiyar su tsawon lokaci. In babu waɗannan, ba ka da yadda za ka raba aikin magani da halin ciwon.

Matsalar ta wuce gwaji biyar ɗin nan. A 1998 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba sakamakon gwaje-gwajen jinya iri-iri ƙasa-ƙasa. A waɗanda suka fito daga Ingila, kashi 75 cikin 100 ne suka ce abin da aka gwada ya yi aiki. A na Sin kuwa, kashi 99. Duk makarantar da ɗalibanta ba sa faɗuwa jarrabawa, ai sai a binciki masu makin. A 2009 kuma wasu masu bincike Sinawa suka buga waya ga marubutan rahotanni sama da 2,000 da aka wallafa a mujallun ƙasar da sunan an raba marasa lafiya ta ƙuri'a. Waɗanda suka yi hakan da gaske ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ka lura, ƴan ƙasar ne da kansu suka tona wannan, saboda haka zancen ƙiyayyar Turawa bai taso ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne algus. A wani bincike da aka wallafa a 1997, an gwada samfuri 2,609 na maganin gargajiyar Sin da aka tattaro daga asibitocin Taiwan, kusan kashi 24 cikin 100 aka samu an cusa musu maganin asibiti a ɓoye. A ɓangaren farfaɗiya ma likitoci sun sha ba da rahoton ƙwayoyin da aka ce zallar ganye ne, da aka auna jinin masu shan su sai ga fenobabiton ko fenitoyin. Ka ga irin wannan ƙwaya za ta yi aiki kam, amma ba ganyen ne ya yi ba. Haɗarin kuma biyu ne. Wanda ya haɗa ta da ta asibiti ya ninka awo bai sani ba, sai magagi da tangaɗi, wani har ya kai ga suma. Wanda kuma tasa ta ƙare ya daina farat ɗaya, jijjiga na iya taso masa ta ƙi tsayawa, kuma wannan tana kisa.

Akwai ma tsirran da su da kansu ke tayar da jijjiga. Ƙwallon itacen ginko, wanda ake ci ake kuma magani da shi a Sin da Japan, yana ɗauke da wata guba da ke hana bitamin B6 aiki. Da wannan bitamin ƙwaƙwalwa ke haɗa GABA, sinadarin da ke taka wa jijiyoyi birki. Yara sun sha kamuwa da jijjiga bayan sun ci ƙwallon da yawa. Haka ma huang, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da ƙarin abincin da ke ɗauke da sinadaransa a 2004.

Mu koma kan maganin zazzaɓin da ake kafa hujja da shi. Tu Youyou da tawagarta sun tattara haɗe-haɗe sama da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani, suka gwada abubuwa har guda 380 da suka tatso daga tsirrai. Kusan duka suka faɗi. Wanda ya tsira shi ne na ganyen qinghao, aka ware sinadarin atimisinin daga cikinsa, aka auna shi, aka gwada a jikin mutane, har ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Tsohon littafi ya nuna mata inda za ta duba, gwaji ne ya tabbatar. Mai talla yana ba ka labarin ɗayan da ya ci, ya yi shiru a kan ɗaruruwan da aka zubar, alhali su ma duk tsofaffi ne.

Wani abin lura, hujja mafi ƙarfi da ta fito daga karkarar Sin a kan farfaɗiya ta fenobabiton ce, ƙwaya mai arha da ake amfani da ita tun 1912. A wani shiri da aka wallafa sakamakonsa a 2006, likitocin ƙauye sun ba mutum 2,455 wannan magani. Bayan shekara guda, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka bibiya faɗuwarsu ta ragu da aƙalla rabi, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba su sake faɗuwa ba. Ƙwayar tana da nata illolin, tana sa barci, tana iya sa yara ƙiriniya. Bambancin shi ne an san illolin, an san awon.

Mai yiwuwa wata rana a samo maganin farfaɗiya daga tianma ko wani tsiron Sin, kuma zan yi murna da hakan. Kafin nan, idan kai ko wani naka na shan ƙwayar asibiti, kada a daina ta saboda wani haɗi, komai kyan kwalinsa. In an riga an fara shan haɗin, a ɗauki kwalin a kai wa likita ya gani. In kuma jijjiga ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, a kwantar da mutum ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.