Wa'azin ɗan dako a majami'un Sabon Gari

Wasu masu digirin tauhidi sukan raina wa'azin da tsofaffin masu bishara ke yi da Hausa a kan sana'a da neman abinci. Wai tatsuniya ce, tunda mai yin sa bai karanta abin da Martin Luther ya faɗa kan kiran Allah ga manomi da baduku ba. Duk mai wannan magana bai taɓa zama ya saurara ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari don baƙi, akawu da leburori da 'yan kasuwa, majami'u suka biyo bayansu. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Masu bisharar da makarantun Baibul irin ta Kagoro suka yaye, da yawansu da fartanya ko keken ɗinki suka riƙe iyali, yadda Bulus ya riƙe kansa da ɗinkin tanti.

Dabararsu ce ta fi ɗaukar hankalina. Ɗauki misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20. Mai wa'azi ba ya barin labarin a ƙasar Yahudiya, shataletalen Bata yake kawo shi. Mai gona ya koma ɗan kasuwar da tirela ta kawo wa kaya, ma'aikata su koma 'yan dako da masu baro. An ɗauki wani da sassafe, an ɗauki wani bayan la'asar, da yamma kuma aka biya su daidai wa daida. Sai ya dakata: "Jama'a, an yi adalci kuwa?" Majami'a ta ɗauki gunaguni, don cikin masu zaune akwai waɗanda suka san nauyin buhu a wuya. Ba ya gaggawar lallashinsu. Sai hayaniya ta lafa zai tambaya me ya sa na la'asar ya wuni a tsaye. Lalaci ne? A'a, ba wanda ya ɗauke shi, kuma shi ma ana jiran cefane a gidansa. Nan take tuhuma ta tashi daga kan ɗan dako ta faɗa kan mai shago: yaron da ya yi maka bauta shekara da shekaru, yaushe za ka sallame shi da jari? Mudunka cikakke ne?

Masu wa'azin arziki, da "shuka iri ka girbi mota", ba sa kaiwa nan, don tambayar tana taɓa aljihun masu baiko mai tsoka. Ni a ganina, kwalejojin tauhidi na Bukuru da Jos su riƙa tura ɗalibi ya yi zango guda a shago cikin kasuwar Sabon Gari, yana auna kaya yana bin bashi, kafin a ba shi bagade.