Sabuwar Shekara a Dubai: Babin da Ya Manta da Hanyar Tsafe

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp, ko a Wattpad da ArewaBooks, ya san babin nan. Yakan zo ne bayan an gama shan wuyar kishiya ko ta uwar miji, hankali ya kwanta. Sai maigida ya shigo riƙe da fasfo biyu. Shafi na gaba ga su a Dubai ranar 31 ga Disamba, a barandar otal, hasumiyar Burj Khalifa tana aman wuta, amarya ta jingina da kafaɗarsa tana hawayen daɗi. Wani lokaci a sauya Dubai da Landan ko Istanbul, amma barandar ita ce dai, hawayen ma su ne. Mun karanta irinsa har mun daina ƙirge, kuma a ciki har da waɗanda aka ce jarumansu 'yan Gusau ne, ko Tsafe, ko Bunguɗu. Su ne suka sa muka ɗauki alƙalami.

Mu fara ba babin haƙƙinsa. Matar da ke kwance a ɗakinta a Tudun Wada, an ɗauke wuta, cajin wayarta saura kaɗan, ta kuma biya kuɗin littafi da guminta, ta cancanci a kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Adabinmu ya daɗe yana wannan hidima. Tun 1934 Abubakar Imam ya yi ta yawo da mu a Ruwan Bagaja, ba wanda ya tambaye shi takardar shaida. Saboda haka ba mu da ja da mafarki. Kukanmu shi ne mutumin da aka tsayar a barandar nan ba shi da gari. An rubuta cewa ɗan Zamfara ne, amma da za a goge sunan garinsu a sa wani, ko wasali ɗaya ba zai motsa a babin ba.

Abu na farko da ake tsallakewa shi ne hanya. Mutumin Gusau da zai fita ƙasar waje, tafiyarsa a mota take farawa. In Abuja ko Kano zai hau jirgi, sai ya ratsa Tsafe ya nufi Funtua. In ta Sakkwato ne, kamar yadda alhazan jihar suka yi shekara da shekaru suna tashi, sai ya bi ta Bunguɗu. Kowa ya san yadda ake bin hanyoyin nan a shekarun nan: a yi sammako amma kar a cika sammako, a tambayi direban da ya fito ko hanya lafiya, mota ta yi tsit a wasu wuraren sai motsin leɓe. Wanda ya bi wannan hanya shekaranjiya, yau ya tsinci kansa a hawa na arba'in, da wata zuciya daban yake kallon wutar nan. Marubutanmu kuwa da jimla guda suke ɗauke shi daga falo su dire shi a Dubai, sai su zubar da abin da zai ba farin cikinsa nauyi.

Na biyu, rashin bincike. Daga Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, ba ta sassauta ba sai a Yulin 2024, jiragen Emirates ma ba su dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban shekarar. A tsawon wannan lokaci 'yan kasuwarmu suna ta neman mafita, amma jaruman littattafai ba su fasa zuwa hutu ba, yau a yi shawara gobe a tashi. Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne. Gaskiya ne, amma ko ƙarya tana son a yi mata ado da gaskiya. Da marubuciya ta sa jaruminta ya yi alƙawarin Dubai, biza ta hana, da ta samu rikicin da ya fi na boka armashi.

Na uku, agogo. Dubai tana gaban Najeriya da awa uku. Lokacin da ake ƙirga daƙiƙun ƙarshe a gindin Burj Khalifa, ƙarfe tara ne na dare a Gusau, an idar da isha'i, sanyin hunturu ya kora kowa ɗaki, shekara ba ta ƙare ba tukuna. Amarya ta shiga sabuwar shekara, mahaifiyarta tana cikin tsohuwa. Wannan kyauta ce da duniya ta ajiye wa marubuci, ba sai ya ƙirƙiro komai ba. Kiran waya ɗaya a wannan tsakani ya isa ya ɗauki babi sukutum. Amma a yawancin abin da muka karanta, in an ɗaga waya to hoto za a ɗauka don kishiya ta gani.

Sai babbar tambaya: shekarar wa ake murna? Bahaushen Zamfara da lissafi uku yake rayuwa. Akwai na Miladiyya, wanda albashi da makaranta da kasafin gwamnati ke bi. Akwai na manomi, da ke juyawa daga bazara zuwa damina zuwa kaka. Akwai kuma na Hijira, wanda ranarsa da faɗuwar rana take shiga, ba ruwanta da sha biyun dare. A wannan na ukun ne al'adarmu ta sabuwar shekara take: azumin Tasu'a da Ashura, daren cika-ciki da ake fito da abin da aka adana na ragon layya, da kuɗin shara da taubasai ke bin juna. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake wannan, ran da ta fara ganin dubban mutane suna ihu don agogo ya buga, dole wani abu ya ɗarsu a ranta, ko sha'awa, ko kunya, ko tunanin abin da malaminsu na Islamiyya ya taɓa faɗa. Marubuta sukan bi ɗayan hanya biyu: ko su yi kamar tambayar ba ta nan, ko su manna wa'azin layi biyu a ƙarshen shafi don kare kai daga masu sharhi. Duka biyun gudu ne. Aikin marubuci shi ne ya bar jarumar ta yi kokawar a cikin ranta, mu gani.

Akwai kuma ƙara. Tartsatsin wuta da ƙara yake tashi, irin wadda ba a rabe ta da harbi sai an ɗaga kai. A shekarun nan akwai ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da yaran cikinsu suka san wannan ƙara tun kafin su san karatu. Ba mu ce kowane labarin soyayya sai ya koma labarin 'yan bindiga ba. Amma jarumar da aka ce daga nan ta fito, ko sau ɗaya gabanta bai faɗi ba a fashewar farko? Wanda ya zauna a Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya har sai mutum ya yi tafiya zuwa Funtua kafin ya kira ɗan'uwansa, ya san abin da shirun waya yake yi wa na nesa.

Magabata ba su yi wannan sakaci ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, abin da ke riƙe mai karatu shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta ta ratsa Sahara, nisan kuma da ita ake auna shi. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, yana ba da labari a matsayin Bahaushen da ya san wa yake yi wa bayani. Malam Aminu Kano ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Da garinsu suka tafi a ka, shi ya sa abin da suka gani ya zama ilmi.

Kuma ba matafiya muka rasa ba. Akwai ɗaliban Zamfara da aka tura karatu tsibirin Saifurus, bashin kuɗin makaranta ya maƙale su, suka ga shigowar Janairu fiye da ɗaya a can cikin zulumi. Akwai waɗanda yaƙin Sudan ya koro daga Khartoum a Afrilun 2023. Akwai mata masu aikatau a Jidda da Makka, da samarin da suka bi ta Agadas suka nufi Aljeriya da Libiya. Kowannensu sabuwar shekara ta taɓa riskarsa a ƙasar wasu, kuma kowannensu ya ƙirga abin da ya tura gida da abin da ya rage masa. Har yau muna jiran littafin da zai tsaya da ɗayansu a wannan dare.

Ga 'yan'uwanmu marubuta, shawararmu ba ta da tsada. Ku bar Dubai ɗinku, ku bar barandar, ku bar tartsatsin wutar. Amma kafin ku rubuta babin, ku zauna da wanda ya taɓa zuwa, ku tambaye shi ta ina ya bi, nawa ya kashe, wa ya fara kira. Sa'annan in agogo ya buga sha biyu, ku bar jarumar ta duba wayarta ta tuna cewa a Bunguɗu ƙarfe tara ne, Inna ba ta kwanta ba.