Tsoro Ba a Wuƙa Yake Ba

Ɗalibanmu masu shirya fim mai wasa da hankalin ɗan kallo sun ɗauka duhu da wuƙa da ihu su ne sharuɗɗan fannin. A'a, 'yan'uwa marubuta. A cikin Psycho, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960, abin da ke hana ka sakat shi ne rashin sanin wa ke cikin gidan Norman Bates. Haka macijin rijiyar Kusugu ta Daura: ran Juma'a kaɗai ake ɗiban ruwa, sauran kwana shidan zullumi ne. Saboda haka ɗalibin Sandamu ya duba gida. Zargi tsakanin kishiyoyi, da shirun maigida bayan isha'i, sun isa labari. Kyamara ɗaya ta wadatar. A gyara rubutun tukuna.