Baiwa Mai Tonon Asiri: Tsokaci a Kan Wasan *Misfits*

*Misfits* wasan kwaikwayo ne na talabijin wanda Howard Overman ya ƙaga, tashar E4 ta Ingila kuma ta nuna shi daga 2009 zuwa 2013. Taurarinsa na farko wasu kangararrun matasa ne su biyar da kotu ta yanke wa hukuncin yi wa al'umma aiki. Suna cikin aikin sai tsawa ta faɗa musu, kowa ya tashi da wata baiwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda kowace baiwa take tona asirin mai ita. Simon, wanda ba mai kula da shi, ya koma yana ɓacewa tamkar mai layar zana. Kelly, mai damuwa da yadda ake kallonta, ta riƙa jin zancen zucin mutane, galibi abin da ba ta so ji ba. Curtis, ɗan tseren da nadama ta ci wa rai, yana mayar da lokaci baya. Jarumtarsu ta fari kuwa ita ce kashe jami'in da ke lura da su, bayan tsawar ta haukata shi, da binne gawarsa a ɓoye. Mai kallo na dariya gabansa na faɗuwa.

A ganinmu, wasan ya raunana jigonsa a ƙarshen zango na biyu, inda taurarin suka sayar wa Seth baiwarsu, daga baya suka sayi wasu. Kelly ta zama gwanar ƙera roka, abin da bai gaya mana komai game da halinta ba.