Jinjina ga Masu Riƙe Littafin Biki

A gidan biki a Tudun Wadar Gusau, ko gidan suna a Tsafe da Bunguɗu, ba a rasa wata mace zaune gefen tabarma da littafi da biro. Galibi ƙanwar uwar amarya ce, ko wata aminiya da aka yarda da riƙon amanarta. Wance ta kawo turmin atamfa, wance kwanon gero, wance naira 500 a ƙulle a bakin zane. Duk sai ta rubuta.

Wasu na ganin lissafin bashi ne kawai, tunda biki ramawa ake yi. Ni ban yarda ba. Da wannan littafin ake fita bangajiya gida-gida, a ce wa kowa "Allah ya bar zumunci", a ambaci abin da ya kawo. Godiyar da ta kama suna ta fi ta jimla shiga rai.

A 2003 masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun gano cewa masu rubuta abubuwan da suke godiya a kai sun fi jin daɗin rayuwarsu. Matanmu ba su jira wannan bincike ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne adalcinsu. Baƙuwar da ta biyo hanyar Tsafe duk da fargabar 'yan bindiga, ba ta riƙo komai ba sai goro, ita ma sunanta na shiga layi ɗaya da na matar attajiri. Mai son fara rubuta godiyarsa kullum dare, wajen waɗannan iyaye zai koyi sa suna da abin da aka yi masa.