Tiyata da Cokali a Ƙarƙashin Teku

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwan Amurka ba ta sa likita a jirgin yaƙi mai nutsewa. Mutum guda ake damƙa wa akwatin magani, mai muƙamin mataimakin mai haɗa magani, shi ne kuma asibitin jirgin kacokan: ya ba da ƙwaya, ya ɗinke rauni, ya yi jinyar mai zazzaɓi. A jirgin Seadragon, Wheeler Lipes ne ke riƙe da akwatin. Yana da shekara 22 a watan Satumba na 1942, lokacin da wani matashin soja, Darrell Rector, ya kwanta da ciwon ciki, jirgin kuwa yana can Tekun Kudancin Sin, inda Japanawa ke da iko. Tasharsu ta Fremantle a Ostiraliya tafiya ce ta kwana da kwanaki.

Aikin farko shi ne gane cuta, ga shi babu na'urar hoto, babu ɗakin gwajin jini. Sai hannu da ido. Zazzaɓi yana hawa, ciwo ya tare a gefen dama na ƙasan ciki, in an danna wurin sai tsoka ta sandare. Alamun afendis ke nan, wato ɗan reshen nan na hanji da kan kumbura ya ruɓe. In ya fashe, mugunya ta watsu a ciki, to a wancan lokaci da fenisilin bai wadata ba, sai dai wani ikon Allah. Lipes bai taɓa yanka kowa ba, amma ya sha tsayawa kusa da likitoci suna wannan aiki a asibitin soja. Mataimaka iri biyu ne a ɗakin tiyata. Akwai mai miƙa almakashi yana duban agogo, akwai kuma mai bin yatsun likita da ido yana tambayar kansa dalilin kowane motsi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar 11 ga Satumba kyaftin William Ferrall ya ba da izini, ya sa aka nutsa da jirgin ƙafa 120. Ba don ɓuya kaɗai ba: a wannan zurfi igiyar ruwa ba ta girgiza jirgi, hannun mai yanka zai tsaya cik. Teburin cin abincin hafsoshi ya zama gadon tiyata.

Sai batun kayan aiki, a nan ne kuma ilimin ya fito fili, don wanda ya san amfanin kowane ƙarfe shi ke iya samo madadinsa. Likitoci suna da ƙarafan da ke riƙe bakin yanka a buɗe. Lipes ya sa aka ɗauko cokula daga kicin, aka lanƙwashe mariƙinsu. Wuƙar tiyata ba ta da ƙota, sai ya matse ruwanta da hantsakin kama jijiya. Abin rufe hanci na maganin barci babu, sai aka kifa rariyar shayi, aka lulluɓe ta da bandeji mai shara-shara. An tafasa ƙarafa, an ɗebo sifirit daga man tofido, makamin nan mai gudu a cikin ruwa, don kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin maganin salfa kuwa aka niƙa su suka zama gari.

Maganin barcin, mai suna eta, ruwa ne mai saurin zama tururi. Hafsan sadarwa Franz Hoskins ne ya riƙa ɗiga shi a kan rariyar, ɗigo bayan ɗigo. In ya yi kaɗan, tsokar ciki ta ɗaure, ba a iya aiki. In ya yi yawa, numfashi ya tsaya. Ga shi yana kama wuta, ga jirgi a rufe ruf, kowa yana shaƙar warinsa.

Ina za a yanka? Likitoci suna auna layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, su raba shi uku, su tsaya a kashi na farko daga ƙugu. Ana kiran wurin da sunan McBurney, likitan Amurka da ya bayyana shi. Daga nan ake shiga daki-daki: fata, kitse, sannan tsoka. Gwani ba ya datse tsoka, sai dai ya raba ta ta inda zarenta ya bi, kamar yadda ake tsaga rake, don ta koma ta haɗe da kanta. Duk jijiyar da ta zubo da jini a kama ta a ɗaure. Ƙarshe sai tantanin ciki, wanda ake ɗagawa sama kafin a huda, kada wuƙa ta taɓa hanji. Hafsa Norvell Ward yana riƙe da cokula, kyaftin Ferrall kuma yana ƙirga kowane ƙyallen tsane jini da ya shiga, don a tabbata ya fito.

Neman afendis ɗin ya ci lokaci, domin ba kullum yake kwance inda littafi ya zana shi ba. Da yatsu Lipes ya lalubo shi, ya same shi a kumbure, ya fara ruɓewa. Ya ɗaure jijiyoyin da ke ba shi jini, ya ɗaure gindinsa, ya yanke, ya ƙona kututturen da ruwan kabolik, ya goge da sifirit. Ya barbaɗa garin salfa, sannan ya ɗinke kowane rufi dabam, daga ciki zuwa waje. Aikin da likita kan gama cikin ƙasa da awa guda ya ɗauke shi kusan awa biyu da rabi. Bayan kwana 13 Rector ya koma bakin aikinsa.

Manyan likitocin rundunar ba su yi murna ba, suna kuwa da hujja: in kowane mai akwatin magani ya ɗauki wuƙa, gawa za a riƙa kwasa. A watan Disamba na shekarar an sake yin irin wannan tiyata a jiragen Grayback da Silversides, daga baya aka hana. Ɗan jarida George Weller ya rubuta labarin, ya ci kyautar Pulitzer a 1943, shi kuwa mai aikin bai sami lambar yabo ba sai a watan Fabrairu na 2005, wata biyu kafin rasuwarsa. Rector bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya mutu a jirgin Tang a watan Oktoba na 1944.

Lipes bai zauna cin albarkacin rana ɗaya ba. Ya ci gaba da karatu da aiki, ya bar soja a 1962 da muƙamin laftanar kwamanda, ya koma shugabancin asibitoci. Masu ba da labarinsa sun fi son ambaton cokula da rariya, amma kowane jirgi yana da cokali a kicin. Abin da Seadragon ya fi sauran da shi mutum ne da ya koyi aikin da ba a ɗora masa ba tun kafin a buƙace shi.